Maganin Ciwon Bayan Tsohon Direba

Na haura shekara talatin a duniya ban san warin giya ba. Wannan ba abin kunya ba ne ga ɗan Wurno irina, wasu ma za su ce abin godiya ne. Abin kunyar shi ne, duk tsawon lokacin nan ina tara mutane ina yi musu bayanin illarta, da farar riga da biro uku a aljihu. A makarantar koyon aikin lafiya, babin hanta da barasa shi ne wanda na fi kowa ci. Ina iya zana maka hantar mashayi a allo, in rufe ido in jero maka alamomin ciwon ɗaya bayan ɗaya. Ba wanda ya taɓa kawo mana kwalbar giya cikin aji ya ce mu shinshina, kuma ina kyautata zaton malamin namu ma bai taɓa shinshinawa ba.

Da na gama, aka tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Goronyo. Ni ba likita ba ne. Aikina awon jini da allura da wanke gyambo. Amma tun ranar da na sauka daga mota aka fara ce mini Likita, ni kuwa ban ga dalilin ɓata wa mutane rai da gyara ba.

A bayan garin akwai wani gida da wani attajirin albasa ya gina kafin ya rasu, don tsofaffin maza waɗanda ba su da mai riƙe su. Gidan gajiyayyu ake ce masa. Ɗakuna ne a jere sun kewaye wani dogon yaro, ga rijiya, ga ɗan masallaci na kwano. Akwai tsohon makiyayi da shanunsa suka ƙare, akwai manomi daga Lahodu da 'ya'yansa suka watse, akwai wani tsohon tela da idonsa ya daina ganin kafar allura. Babban ɗan marigayin, wanda kowa ke ce wa Alhaji, shi ke ciyar da gidan. Ba mugu ba ne, amma ya riƙe wasiyyar ubansa da hannu biyu, kuma babba a cikinta ita ce abin maye ba ya shiga gidan nan, ranar da aka kama mutum da shi ranar zai kwashe kayansa. Saboda haka mai gadi yakan buɗe ledar duk wanda zai shiga, ko da ƙosai ne a ciki. Jakata ce kaɗai ba a taɓa buɗewa ba.

Ni na kai kaina gidan, na ce zan riƙa zuwa duk mako ina auna musu jini kyauta. Na gaya wa matata don lada nake yi. Akwai ladan a raina, ba na musu, amma akwai kuma yadda tsofaffin nan ke miƙewa zaune in sun ji ƙarar babur ɗina, suna sa mini albarka tun ban kashe injin ba. A asibiti ba mai yi mini haka.

A ɗaki na ƙarshe, kusa da katanga, akwai wani tsohon direba. Dogo ne, ya ranƙwafa, hannuwansa manya kamar faranti. Ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana jan babbar mota cike da albasa zuwa Kurmi, kuma in ya fara ba ka labarin hanya sai ka manta da abin awon da ke ɗaure a damtsensa. Ya ce mini 'yan uwansa suna Giyawa, sun ɓata kan gona. Daga baya na ji ba gona ba ce. Yana da 'ya guda da ke aure a Rara, takan zo da salla, sauran lokaci sai waya. Shi ne ya ƙara mini girma daga Likita zuwa Babban Likita, na kuwa karɓa.

Wata rana ina naɗe abin awo ya riƙe mini hannu.

"Babban Likita, ni yanzu abu guda nika roƙon Allah. Abokan tuƙina da yawa tasha sunka mutu, bisa benci, ba wanda yas san sunan ubansu. Ni ɗakin ga nika so in cika ciki, mutanen ga su yi mani wanka."

Na ce masa in Allah ya so haka za a yi, da muryar mutumin da ke ganin da hannunsa a cikin lamarin. Ashe kuwa da hannun nawa, sai dai ba ta inda nake zato ba.

Ciwon baya yake kuka da shi, na zaman kujerar mota. Na ba shi ƙwayoyi, ya ce kamar ya haɗiyi tsakuwa. Sai ya gaya mini akwai wani magani na sassaƙe da saiwoyi da ake samu wurin wani mutum a kasuwar Goronyo, can bayan masu faci. In na je in ce na tsohon direba. Ya ce ba zai aiki kowa ba sai ni, domin jabu ya yi yawa, mai ilimi ne kaɗai zai gane na gaske. Wannan maganar ta shige ni sosai.

Ranar kasuwa na je. Mutumin ya dube ni, ya dubi farar rigata, ya sake dubana, sannan ya shiga bayan buhuna ya fito da 'yan ƙananan kwalabe a baƙar leda. Ruwan ciki ja ne mai duhu. A jikin takardar an zana saiwoyi da wani ƙato yana nuna ƙwanji. Na buɗe ɗaya na kai hanci, abin ya doke ni har ƙwalla ta zo mini. Na gyaɗa kai na ce a raina lallai wannan magani ne mai ƙarfi. Dama ina cikin masu cewa bai kamata 'yan boko mu riƙa raina maganin gargajiya ba, ga dama ta samu in nuna ni ba mai girman kai ba ne.

Ban tsaya nan ba. Na ciro biro na rubuta a jikin kowace kwalba: murfi ɗaya safe, murfi ɗaya yamma, bayan cin abinci. Tsohon ya karɓa da hannu biyu, ya sa na maimaita masa ƙa'idar sau biyu don kada ya yi kuskure. Har yau in na tuna fuskarsa a lokacin, yadda ko gefen bakinsa bai motsa ba, sai in ce mutumin nan ya yi asarar baiwa a tuƙin mota. Da murfi biyu a rana kwalba ɗaya ta isa ta kai shi mako. Shi kuwa shida yake buƙata. Da na tambaya, ya ce ai yana shafawa a bayan ma. Na ce wannan dabara ce mai kyau.

Haka na yi ta yi wata bakwai. Duk mako in ɗauko, in zuba a jakar aiki tare da auduga da abin awo, in wuce mai gadi yana ɗaga mini hannu.

Da tsohon tela ya yi mini kukan gwiwa, ni da bakina na ce ya nemi maƙwabcinsa direba ya ɗan sam masa. Tela mutum ne mai hawan jini, mai tsoron Allah, wanda tun da ya zo gidan ba a taɓa riga shi sahun gaba ba. Cikin 'yan makonni ya fara makara sallar asuba. Ya zagi makiyayi kan buta, zagin da ba wanda ya san ya iya. Gidan da a da in ka shiga sai hira da tasbihi, ya koma kullum ana raba faɗa a gindin dogon yaro. Rediyon direba ta ɓace daga ɗakinsa, sannan bargonsa, ya ce kyauta ya yi da su. Ƙafafunsa suka kumbura, cikinsa ya fito, farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Duk alamomin da nake jerowa ido rufe suna gabana ido buɗe, ban gan su ba, domin a kaina mashayi wani mutum ne can a bariki, ba dattijo mai carbi da ke ce mini Babban Likita ba.

Warin bakinsa kam na ji shi. Na koma gida na buɗe littafi, na samu inda aka ce mai ciwon suga numfashinsa kan yi wani irin wari. Abin gwajin suga ya ƙare mana a lokacin, amma mutum irina ba ya buƙatar gwaji. Na yanke hukunci, na je madafa na ba da umarni kada a ƙara sa masa suga a kunu. Ya sha kunu salam wata huɗu.

Sai tela ya faɗi. Da rana tsaka, wajen alwala a bakin rijiya, ƙafarsa ta kwashe ya zauna kan dakali da ƙugu. Aka kira mai ɗori ya yi iya yinsa, amma tun daga ranar tela bai sake tsayuwa da ƙafarsa ba. Na rubuta a littafina cewa jiri ne na hawan jini.

Mai dafa wa gidan abinci wata dattijuwa ce da muke ce wa Inna. Mijinta soja ne, ta zauna da shi a Kudu har ya rasu. Kwana biyu bayan faɗuwar tela, na zo wucewa ta ƙofar madafa ta kira ni.

"Kai ɗan ga, zamna. Mi kaka ɗauko ma tsohon ga cikin jikka?"

Na zauna na yi mata bayani mai tsawo kan saiwoyi da jijiyoyin baya, har da kalmomin Turanci biyu uku don ta san da wanda take magana. Tana tuƙa tuwo tana saurare. Da na gama ta sa hannu ƙarƙashin itace ta jawo kwalba ɗaya da ba komai ciki, mai ɗauke da rubutun hannuna, ta ce in karanta mata abin da ke can ƙasa. A ƙasan ƙafar ƙaton nan mai ƙwanji akwai wani ɗan siririn rubutu. Wata bakwai ina rubutu a saman takardar nan ban taɓa duba ƙasanta ba. An rubuta yawan barasar da ke ciki ɓaro-ɓaro, kuma ta ninka wadda aka koya mana tana cikin giyar kwalba.

"Shekara goma sha biyu ina bariki," in ji ta. "Warin ga ko ina kwana na san shi. Shiru niy yi, don na ce halan likita ya san abin da shika yi."

Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na tambaye ta, da ragowar muryar da ta rage mini, don me ba ta gaya wa Alhaji ba. Ta ce in ta faɗa, tsohon ina za shi? Giyawa sun kore shi kan wannan abin, gidan surukai kuwa ba wurin zaman uba ba ne. Sai tasha. Ta ce ni na ƙulla, ni zan kwance, ta ci gaba da tuƙinta.

Kunya in ta yi wa mutum yawa takan koma fushi, nawa kuwa ya tafasa kafin in kai ɗaki na ƙarshe. Na rufe ƙofa, na ɗaga katifa, na leƙa tulu, na tattara kwalaben duka na juye a masai. Sannan na tsaya a kansa na karanto masa babin hanta daga farko har ƙarshe. Yana zaune kansa a ƙasa. Bai musa komai ba. Da na tsagaita ya ɗago.

"Likita, ka yi gaskiya. Amma kak ka yanke mani shi gaba ɗaya. Jikin ga ya daɗe bai kwana babu shi ba."

Na ce a raina wata sabuwar dabarar ce, yau kam ba za a sake yi mini ba. Na fita ina jin kaina jarumi. A cikin babin nan da na fi kowa ci akwai shafi guda kan abin da ke samun wanda ya daɗe yana sha aka tsayar masa rana ɗaya, har an ja layi a ƙarƙashin cewa yana iya kisa. Na san shafin. Fushi ne ya rufe mini shi.

Kwana na uku da hantsi mai gadi ya kira ni a waya ya ce in zo yanzu. Na tarar an fito da direba tsakar gida kan tabarma, gumi ya jiƙa rigarsa, jikinsa na kyarma kamar injin niƙa. Yana nuna bango yana cewa a kashe kunamun nan, can kuma ya ce a sa wa taya dutse mota za ta gangara. Aka ce mini ya riga ya sanƙare sau ɗaya har ya ciji harshe. Makiyayi ya ce ya taɓa ganin irin wannan a daji, iska ce. Alhaji ya riga ni zuwa, ya zo da wani malami, an kunna turare ana tofi. Da Alhaji ya gan ni ya taso.

"Likita, duba muna. Wanga na asibiti na, ko na malamai na?"

Na gane abin da ke gabana sarai. In na ce na malamai ne, ɗakin tsoho ya tsira, sunana ma ya tsira, amma mai yiwuwa kafin gobe a fitar da shi daga ɗakin a makara. In na ce na asibiti ne, Alhaji da kansa zai kai shi, likitan gaske zai yi tambaya a gabansa, kuma ko tsohon ya tashi ba shi da wurin komawa. Da zan so in ce nan take na ba da amsa. Gaskiya ita ce na durƙusa na auna jininsa, na kwance abin awon, na sake ɗaurawa na sake aunawa, ina neman hanya ta uku. Da na ɗago sai na ga Inna tsaye a ƙofar madafa. Ba ni take kallo ba, jakata take kallo.

"Alhaji, na asibiti na," na ce. "Giya ta jikinai ka biɗa. Kuma ni nika shigowa da ita gidan ga, cikin jikkag ga, wata bakwai."

Malamin ya rufe littafinsa a hankali. Tela, da aka jingina da bango, ya dube ni ya dubi ƙafafunsa, ya gane abin da ya kayar da shi, kuma wannan kallon bai bar ni ba har yau. Alhaji ya juya wajen mai gadi. Ya ce a ɗauko tsoho a sa a mota.

A babban asibiti a Sakkwato wata likita ce ta karɓe mu, da ganinta na girme ta. Ta sa masa ƙarin ruwa da allurai, sannan ta tambaya wa ya tsayar masa da sha lokaci guda. Na ce ni ne. Ta tambayi aikina. Allah ya taimake ni na tuɓe farar rigar tun a mota na cusa a jaka. Na ce mata ni ɗan uwansa ne kawai. Ta yi mini bayani a hankali, irin na wanda bai je makaranta ba, ina gyaɗa kai. Ta ce zai tashi daga wannan, amma hantar ta riga ta gama lalacewa.

Bayan mako guda Alhaji ya aiko in same shi a zaurensa. Na kwana biyu ina shirya jawabin roƙo a madadin tsohon, da aya da hadisi, amma bai ba ni damar buɗe baki ba. Ya ce an karya maganar ubansa a gidan ubansa, kuma in ba wanda ya fita, maganar ta zama wasa. Ya ce ya duba, ba zai iya ɗaukar mutum mai kumburarren ciki ya ajiye a tasha ba.

"Kai kana da gida," ya ce. "Kai za ka hita. Kuma zancen ga ya mutu cikin katangag ga."

Na yi masa godiya, kuma da gaske nake. Na fito ina jin daɗi da zafi a haɗe, domin ban taɓa zaton za a kore ni daga aikin da nake yi kyauta ba.

Direba ya dawo ɗakinsa na ƙarshe. Ni kuwa iyakata bakin ƙofa. Duk mako mai gadi kan fito mini da benci waje, masu iya tafiya su fito in auna su a gefen hanya, jakuna da babura na wucewa. Tela bai taɓa aiko a ɗauko shi ba, ban kuma ga laifinsa ba. Direba kan fito da sanda. Ranar farko ya nemi gafarata, ya ce ya duba garin kaf, ni kaɗai ya samu wanda hancinsa bai san komai ba kuma ba a buɗe masa jaka. Na ce ni ma ya yafe mini kunun. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Bai sake ce mini Babban Likita ba. Duk zuwa sai na matsa kusa da shi ina shaƙar numfashinsa da wayo, shi kuma ya gane, sai ya huro mini iska a fuska don ya hutar da ni. Ban taɓa jin komai ba sai goro.

Ya rasu da damina, gero ya kai gwiwa, bayan azahar, a ɗakinsa. Makiyayi da manomin Lahodu suka yi masa wanka. Tela, daga zaune, da lalube, shi ya yanka likkafanin, ya ce ba wanda zai taɓa almakashin sai shi. Ranar Alhaji ya ce a bar ni in shiga, amma in bar jaka wurin mai gadi.

A kwana na uku na zaman makoki aka ce 'yarsa ta Rara tana son ganin Likita. Na same ta a ƙofar madafa, Inna na gefe tana tsince shinkafa, Alhaji da tsofaffin suna ƙarƙashin dogon yaro inda za su ji komai. Ta durƙusa har ƙasa. Ta ce duk waya sai Baba ya ba ta labarina, yadda nake hawa babur in shiga kasuwa da rana in nemo masa maganin baya, ban taɓa gajiya ba. Ta ce tun da ya shiga gidan nan hankalinta ya kwanta, don ta san ya rabu da wancan abin, ya cika da mutuncinsa a hannun mutanen kirki.

"Abin da kay yi mai, ni da nih hito cikinai ban yi ba. Allah shi saka maka."

Alhaji ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Inna ba ta ɗago daga shinkafarta ba. Tela ya kau da fuska wajen bango.

Na ce mata ba komai, Allah shi jiƙan shi. Ta turo mini wata 'yar ƙwarya cike da ƙwan zabi, ta ce ba yawa. Na karɓa da hannu biyu. Na ɗaure ta a bayan babur na kai gida a hankali, ko ɗaya bai fashe ba. Matata ta soya, yara suka cinye, ta tambaye ni don me ban taɓa ba. Na ce mata cikina ne ba daɗi.